Mai Dundu

A Moga, tun zakara bai gyara murya ba,
ƙasa ke fara gaya mana Tarsem na tafe.
Dum. Sai shiru. Dum.
Garwa shida ta madarar ɓauna
rataye a kwiɓin baburinsa,
raɓar gonakin alkama ta jiƙa masa gefen rawani.

Shekarata ta biyu ke nan ina wanke fulogi
a garejin tsoho Sukhwant,
wanda yana ta rufe wa ido,
kunne da tafin hannu suka gaji aikin.
Shi ke kiran baburin Mai Dundu.

Ran nan na ce: Baba, ban gane ba.
Ga ƙaramin da nake zuwa sayo shayi a kai,
silindarsa ɗaya, bugunsa huɗu,
me ya hana shi sunan?

Bai amsa ba. Ya ce in tada shi.
Na tada.
Ya ce ƙirga.
Na buɗe baki, ɗaya, bi...
lissafi ya tsere mini kamar ɓera a rumbu.
Ya yi dariya har da tari.
Ya ce wannan ai keken ɗinki ne aka sa wa taya.

Sai ya ja hannuna ya ɗora kan tankin na Tarsem.
Ya ce, fistan guda ne a ciki, faɗinsa ya kai kwanon sha.
Ya sauka ya shaƙa.
Ya hau ya matse.
Wuta ta tashi, ta danna shi ƙasa,
ya sake hawa ya furzar da hayaƙi.
Huɗu ke nan, amma ɗaya ne ya yi noma,
ukun ci kawai suke.
Faifan ƙarfen nan mai nauyin dutsen niƙa
shi ke goya su har wuta ta dawo.

Mai silinda huɗu lugude yake yi,
taɓarya na bin taɓarya, ba ka jin tsakani.
Mai bugu biyu kuwa sauro ne da ya sha fetur.
Wannan mace ɗaya ce a bakin turmi,
ta ɗaga,
ta numfasa,
ta sauke.
Kada ka saurari dukan, yaro, kowa na iya duka.
Saurari abin da ke tsakanin duka da duka.
In ka samu wurin ajiye numfashi a nan,
to Mai Dundu ne.

Na ji shi a tafin hannu, na ji shi a haƙora.
Madubi na rawa, noti na kwance kansa a hankali,
baƙin mai na ɗiga kamar yana sa hannu a ƙasa.

Bana ɗan Tarsem ya sayo masa mai batir.
Ba kik, ba hayaƙi, ba ko gyaran murya.
Kwana uku matan layinmu na makara,
madara ta wuce ƙofarsu kamar ɓarawo,
karnuka ma sun rasa abin yi wa haushi.
A rana ta huɗu ya jefa tsakuwa cikin garwar da ba komai
don a san ya iso.

Tsohon yana nan bayan gareji, an lulluɓe shi da buhu.
Jiya da la'asar na yaye buhun.
Na lallaɓa fistan har ya hau ƙololuwa,
na tattara nauyina duka na taka.
Ya mayar mini da kik ɗin a idon sawu,
na zauna a ƙasa ina ganin taurari.

Daga cikin duhun shago Sukhwant ya ce,
ya gaishe ka ke nan.
Tashi ka amsa.